Sandar da Surukina Ya Yi wa Magani

Surukina Shebwana bai taɓa ɗora ƙafarsa a kan allon ruwa ba, ko da wasa. Wannan bai hana shi zama malamin duk masu hawan allo a garinmu Shela ba, a bakinsa dai. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana toshe jiragen katako: a cusa auduga tsakanin katako da katako, a buga da guduma, a shafe da sifa, wato man hantar kifin shak. A wannan sana'a kam ba a ja da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ya ɗauka duk abin da ke yawo a kan ruwa ɗan gidan jirgin katako ne, daga injin jirgi har robar wankan jarirai, ciwonsu ɗaya, maganinsu ɗaya.

Ni kuwa, Madi, shekarata goma sha tara ina koya wa baƙi hawan allo mai ƙyallen iska a mashigin da ke tsakaninmu da tsibirin Manda. Duk abin kirkin da na mallaka a sana'ar nan sanda ɗaya ce, baƙa, mara nauyi, mita huɗu da rabi da ɗan kai, wadda wata ɗalibata ta bar mini da za ta koma ƙasarsu. Ita ake zurawa cikin ƙyallen ta tsayar da shi. Gida biyu take rabuwa: rabin ƙasa yana da harshe, na sama yana da baki, a zura wannan cikin wancan. Irin waɗannan sanduna ciwo biyu gare su. In yashi ya shiga mahaɗar, ko ƙwaya goma ce, sai su kame kamar a haɗe aka haife su. In kuma suka ɗan zame wa juna a cikin ƙyallen ba ka sani ba, kana jan igiya sai ka ji ƙas, ka yi asarar sanda. Maganin kowa ya san shi. Ka ɗauraye, ka tura har ƙarshe, ka naɗe mahaɗar da baƙin tef irin na masu gyaran wuta.

A shekarar ne aka gayyace ni gasa a Diani, karo na farko da wani ya rubuta sunana a takarda saboda iya hawan allo. Suka ce allo za su ba ni aro a can, amma ƙyalle da sanda kowa ya zo da nasa. Ƙaramin jirgin sama zai tashi daga Manda ranar Alhamis da la'asar, kuma sun faɗa mini ƙarara ba sa ɗaukar abin da ya wuce mita biyu da rabi. Ban damu ba, don sandata a rabe ba ta kai haka ba.

Ranar Laraba da hantsi na fito bakin teku in yi gwajin ƙarshe. Na ɗauraye sandar, na ɗauko tef, sai na ji wari. A Shela in warin sifa ya riga mutum isowa, ka gyara tsayuwa, surukina ne. Yana tafe da gwangwani a hannu ɗaya, dunƙulen auduga da gudumar katako a ɗayan. Ga hularsa a kai, wadda surukata ta yi wata bakwai tana ɗinka masa don bikina da Tima, wadda ba ya cirewa sai in alwala ta zo kan shafar kai.

Na gaishe shi. Bai amsa da kyau ba, idonsa na kan tef ɗin.

"Ɗana, gasa za ka je ko gyaran fanka?"

Ya tsuguna ya shiga bayani. Wai kwana uku ya yi yana nazarin sandata, ya gano wanda ya ƙera ta a takarda kawai ya san teku. Shi kuwa ya haɗa magani ɗaya da zai kashe ciwon nan biyu: a naɗe harshen da auduga don kada ya zame, a jiƙa audugar da sifa don kada ya kame. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma in na ci gasa kada in manta in faɗa wa 'yan jarida sunansa, da na mahaifinsa.

Famau na zaune a gindin bishiya yana shan gahawa. Shi ke tuƙa jirgin da ke kai mutane Manda, sa'an surukina ne, shekara sittin suna tsokanar juna ba wanda ya gaji. Ya ɗaga murya ya ce in ina son sandata in ɗauke ta in ruga, don mutumin nan shi ya gyara masa inji bara, har yau injin in ya ga dama baya yake tafiya.

Surukina ko waiwayawa bai yi ba. Ya ce injin ya gaji da ganin fuskar Famau ne, hanyar gudu yake nema.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, wa zai ce wa mutumin da ya ba shi 'ya a'a, a bainar jama'a, ga abokin tsokanarsa na kallo? Na buɗe baki na ce, "Baba, ai da…" Ya ce, "Riƙe nan." Na riƙe.

Ya naɗe harshen da auduga, tsaf, aikin gwani, wannan ba zan hana shi ba. Ya tsiyaya sifa har tana ɗiga. Santsi ya sa rabin sandar ya kuɓuce masa ya faɗi, harshen ya nutse a yashi. Ya ɗauka ya goge a zaninsa sau ɗaya, ya ce yashin Shela mai tsabta ne. Da ya tura ya ƙi shiga, sai ya ɗauko guduma. Duk bugu ɗaya a ƙirjina nake jin sa. A bugu na tara ta shige har ƙarshe, ya miƙe yana share hannu, ya ce wa Famau ya zo ya ga ilimi kyauta.

Gaskiya ɗaya ce, na yi awa biyu a ruwa sandar ba ta motsa ba. Iska ta yi kyau, na ƙetara Manda na dawo sau shida. Duk sanda na kusato gaɓa sai in hango shi yana kai da kawowa, hannu a baya, yana tare mutane yana nuna musu ni. Har wasu baƙi biyu ya tsayar, da ba sa jin yarenmu, ya yi musu bayanin auduga da hannu.

Na fito, na kwance igiya, na zare ƙyallen. Na kama sandar na murɗa. Ko gezau.

Surukina ya ce hannuna ya yi sanyi ne, in ba shi. Ya murɗa har jijiyar wuyansa ta fito. Ya ajiye ya ce wannan alama ce mai kyau, rabin maganin ya ci, saura rabi. Aka kira mutum huɗu suka kama, biyu can biyu nan. Aka ƙara huɗu daga cikin masunta. Shi yana tsakiya yana ba da umarni, ya ce a murɗa in ya ce uku, sai ya tsaya a biyu yana gyara wa wani tsayuwa. Da aka ga ba ta motsa ba, ya ce ƙishirwa take ji, ya ƙara mata sifa daga sama har ƙasa. Daga nan ba wanda ya ƙara iya riƙe ta. Mutum takwas suna murɗa iska, hannuwa na zamewa, ɗaya daga masuntan ya tafi da baya ya zauna cikin kwandon kifinsa. Na ɗauko ƙarafan riƙo biyu, irin waɗanda mai hawan allo ke riƙe ƙyalle da su, na ɗaure ɗaya kowane gefe, dabarar da kowa ke yi don a sami abin murɗawa, su ma suka yi ta juyi a kan mai. Mutane suka watse kowa na shinshina hannunsa, wani yana cewa yau kam matarsa ba za ta ba shi abinci a kwanon gida ba.

Ya ce mu kai ta gida, gobe da safe za ta saki da kanta, sifa ba ta son gaggawa.

Tun da na sami sandar a rabe nake shiga da ita gida, ban taɓa lura kwanar lungunmu ba ta yarda da dogon abu ba. Shi a gaba, ni a baya. Muka zo kwana ta ƙi juyawa. Ya ce in tura. Na tura, kan sandar ya shige tagar maƙwabciyarmu, ya iske ta tana suyar mahamri, fanken garinmu. Ban ga abin da ya faru a ciki ba, na dai ji faɗuwar murfin tukunya, sannan muryarta tana tambaya wane mara tsoron Allah ne ya zuro mata mushe. Ya ce in ja. Na ja, gindin ya toshe ƙofar gidan da ke fuskantar nata. Muka ɗaga ta tsaye, ta tokare ɗakin da ya haye saman lungun. Ana cikin haka aka kira magariba. Masu zuwa masallaci suka taru a bayanmu, jaki ɗauke da yashi ya taru a gabanmu. Liman da kansa sai da ya tattare riga ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashi, yana toshe hanci da gefen rawani. Surukina ya ce masa kada ya damu, sifa ba ta karya alwala.

Tima ta leƙo daga saman soro. Ita kaɗai ce a duniya ke faɗa wa mahaifinta magana ba ta tauna ba. Ta ce ko da kwanar ta yarda ita ba ta yarda ba, sandar nan ba za ta kwana a gidanta ba, ni ma sai na bi ta rijiya. Ta ce, "Baba, kai ba ka jin abin da mutane ke ji?" Ya ce shi ƙamshin aiki yake ji. Gwano dama ba ya jin warin jikinsa. Haka muka koma da ita da baya har bakin teku, ya ce in bar ta a rumfarsa, a hannun masani. Na bar ta, kuma wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Da sassafe na je na tarar ba ta rumfar. Na hango ta cikin ruwa, a ɗaure jikin turke, igiyar ruwa na wasa da ita. Maguna wajen goma sun jeru a gaɓa suna jiran a ba su rabonsu. Surukina na zaune a kan jirgin da aka kife, yana shan shayi. Ya ce tun asuba ya jiƙa ta, don ta yi laushi.

Famau ya iso yana saɓe da igiya. Ya dubi sandar, ya dubi abokinsa, ya ajiye igiyar a hankali.

"Shebwana, shekara talatin kana cin abinci da me? Me ya sa jirgin da ka toshe ba ya yoyo?"

"Saboda hannuna ne."

"Saboda auduga in ta sha ruwa kumbura take yi, ta cike ko'ina. Kai ka koya mini. Jiya ta sha na awa biyu ta kame, yau ka ba ta na awa uku ta saki?"

Surukina ya waiwaya ya dubi sandar da ke cikin ruwa. Ya kai kofi baki ya mayar bai sha ba. Can ya ce wannan wata auduga ce daban, ta tsibirin Pate ce, ba ta da wannan halin. Amma ya miƙe da sauri ya shiga ruwa ya kwanto sandar.

Jirgin Famau zai bar gadar da jiragen ruwa ke tsayawa ƙarfe biyu da rabi. Lokacin ƙarfe takwas saura.

Dabara ta gaba zafi da sanyi ce. Wannan kam akwai ta, ana yi: a dumama bakin waje ya ɗan buɗe, a sanyaya na ciki ya ɗan tsuke. Ya aika aka kawo ƙanƙara daga wurin masu kifi, ya je da kansa ya ɗauko buta daga kan murhun mai shayi ba tare da ya tambayi abin da ke ciki ba. Ya ɗora ƙanƙarar a kan mahaɗar, ya tsiyaya butar a kan ƙanƙarar, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, wai don sandar ta rikice. Abin da ya fito daga butar kuwa shayi ne haɗaɗɗe, da madara da sukari da citta. Mai shayi ya biyo shi yana tambayar me zai ba mutum goma sha biyu da ke zaune a bencinsa. Kafin a gama wannan rigimar tururuwa ta sami labari. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, yanzu sandata ga mai, ga danƙo, ga baƙi sun yi layi.

Na wanke ta da sabulu da toka sau uku. Na jingina ta a kan dutsen gada inda rana ke dukansa, na zauna ina kallon ta. Ƙarfe goma sha ɗaya sai ga shi ya dawo da fara'arsa, Kombo mai jakuna na biye da shi, yana jan biyu.

Ya ce abin da ya gagari mutum takwas ba zai gagari jaki biyu ba, don jaki ba ya surutu. Za a ɗaure ɗaya a wannan kai yana kallon arewa, ɗaya a wancan yana kallon kudu, a tsawata musu tare. Na ce, "Baba, in ta karye fa?" Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin. Kombo ya ɗan yi tari ya ce akwai wani hanzari, jakunan nan uwa da 'yarta ne, kuma lokacin cin dusarsu ya yi. Surukina ya ce bai tambaye shi tarihin gidansu ba.

Aka ɗaure. Jama'a suka taru, har masu shaguna suka fito. Ya ɗaga hannu ya sauke, Kombo ya daka tsawa. Uwar, da ke kallon kudu, inda gidan Kombo yake, ta tafi. 'Yar, da ke kallon arewa, ta yi taku biyu, ta waiwaya ta ga uwarta ta nufi gida, ta juya ta bi ta. Jakin Shela hanya ɗaya ya sani in yunwa ta kama shi. Suka jera kafaɗa da kafaɗa suna sassarfa, sandata a gicciye a bayansu tana share bakin teku. Ta kwashe bencin mai shayi, wanda bai gama hucewa ba. Ta kwashe kwakwar da wani ya jera tun safe. Ta bi ta ƙafafun wani malamin makaranta, ya yi tsallen da bai yi ba tun yana saurayi. Surukina na bin su a guje, hannu ɗaya dafe da hula, yana kiran jakunan da sunayen da ba zan maimaita ba. Suka kai bakin lungunsu suka shige tare, sandar ta tokare bango biyu, ta lanƙwashe kamar baka. Na rufe ido. Igiyoyin ne suka zame, saboda sauran mai, jakunan suka wuce abinsu.

Na duba ta daga kai har gindi. Ta kuje wuri huɗu, ba ta tsage ba. Mahaɗar kuwa ko siririn gashi ba ta buɗe ba.

Bayan azahar ina zaune a matakalar gada, jakata a gefe, ƙyallena a naɗe, sandar na kwance cikin rana. Ba zan ɓoye ba, hawaye ne ya cika mini ido. Shekara goma sha tara ina tsayar da 'ya'yan wasu a kan allo suna komawa ƙasashensu suna cin kofuna, rana ɗaya da aka kira sunana, auduga ta hana ni. Wani ya kawo shawarar zarto. Famau ya ce a bari, ya tayar da inji, ya ce mini zai jira ni minti goma, bayan nan fasinjoji za su cinye shi. Tima ta sauko da abincin hanya a ƙulle, ta dubi fuskata, ta ajiye mini kusa da jakata.

Rabin gari na wurin, don labarin jakuna ya zaga. Surukina ya ga idanu a kansa, ya ji ana ƙus-ƙus, sai borin kunya ya hau shi. Ya hau matakala ta sama ya gyara hula. Ya ce wai wa ya gaya wa mutane nufinsa sandar ta rabu? Shi ya yi alkawarin ba za ta zame ba, ta zame? Mutum takwas, ruwan zafi, jaki biyu, duk gwaji ne yake yi, kuma ta ci jarrabawa. Ya mayar da sanda mai ciwo biyu ta koma lafiyayya guda ɗaya. Jirgin sama kuwa, a ce wa direban ya ɗaure ta a ƙarƙashi, shi zai iya zuwa ya nuna masa ƙulli.

Famau ya ce daga cikin jirgi, "Bayan dukan da ta sha yau, ko kaza ta hau ta karyewa za ta yi."

"Kaza? Ni zan hau ta."

Kafin in miƙe ya ɗauke ta, ya ɗora kai ɗaya a matakalar gada, ɗaya a gefen jirgin Famau, ruwa ya cika a ƙarƙashi. Ya tattare zani ya ja jiki a zaune har tsakiya, daidai kan mahaɗar. Allah ya taimake ni busasshen mutum ne. Tima ta ce, "Baba, sauko." Ya ce ta koma gida. Ya fara lilo, sama da ƙasa, yana tambayar Famau ina kazar. Duk lilo ɗaya sandar na ɗan juyawa a ƙarƙashinsa, shi kuma yana gyara zama.

Ni na fi kowa kusa, ni na ji. Wani ɗan ƙara ne, ƙurus-ƙurus, irin na yashi a ƙarƙashin haƙori. Na duba sai ga baƙin ruwa yana ɗiga daga mahaɗar. Rana ta busar da audugar tun hantsi, lanƙwasawar nan kuma tana niƙe yashin. Ga wani siririn layi ya buɗe, faɗin farce. Na ɗaga kai, Famau ma ya gani. Ya saki sitiyari a hankali ya kama kan sandar da hannu biyu. Ni ma na kama nawa.

Tima ta ce, "Madi, ka ce masa ya sauko mana."

Allah ya yafe mini. Na ce, "Baba, mutanen baya ba su gani ba. Ƙara ɗaya."

Ya ji daɗi. Ya ɗaga hannu biyu sama don kowa ya ga bai riƙe komai ba, ya yi lilo mai kyau. Yana tasowa na murɗa dama na ja, Famau ya murɗa nasa ya ja. Sandar ta rabu salin-alin, kamar ba ita ba. Surukina ya ɗan tsaya a iska, hannuwa a sama, sannan ya tafi.

Dariyar da ta tashi ba ta daɗe ba. Rabin saman ya kuɓuce wa Famau, ya bi surukina cikin ruwa. Sandar nan rami ce a ciki, in ta sha ruwa ƙasa take yi, kuma bakin gada da zurfi in ruwa ya cika. Surukina ya ɓullo yana furzar da ruwa, kansa tsirara. Hular na can hagu, ruwa na janta. Kan sandar na nan dama, yana nutsewa. Ya dubi hular, ya dubi sandar, ya dube ni. Sai ya ja numfashi ya kifa kai.

Shekararsa sittin da takwas. Tima ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Na fara cire riga ke nan sai ga baƙin kan sanda ya huda ruwa, ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, sannan hannu, sannan sanƙo. Ya iyo da hannu ɗaya har matakala ya miƙo mini. Ya daɗe yana haki kafin magana ta fito.

"Ka gani ko, ɗana? Sai an san daidai inda ake zama."

Famau ya ce ai shi ya sa tun jiya yake cewa a jefa shi teku, da an huta da wuri. Amma na ga ya juya baya yana goge ido da gefen riga, ya ce hayaƙin inji ne.

Na faɗa jirgi da rabi biyu a hannu. Muna tsakiyar mashigi sai ga hular tana tafe abinta, ita ma Manda ta nufa. Famau ya karkata, na sa kan sandar na tsamo ta. Ba lokacin komawa, don haka ta bi ni har Diani. Na cire audugar da tsinke, na wanke mahaɗar, na naɗe da tef. Warin ne dai ya ƙi fita. A layin tashi mu ashirin da bakwai ne ana cunkuso, ni kaɗai aka bar wa fili ta ko'ina. Na tura hular cikin rigata na shiga ruwa da ita, na zo na huɗu.

Da na dawo na kai masa hularsa har rumfa, na durƙusa na miƙa. Ya karɓa ya sa, ya ce da na bar audugar a ciki da na ɗaya zan zo. Yanzu in ka zauna wurinsa zai ba ka labarin maganinsa mai hawa biyar, da masunta, da jiƙo a teku, da shayi, da jakuna, kowanne da hikimarsa, na ƙarshe kuma shi kaɗai ke iya yi a duk gaɓar nan. Ya sha tambayata yaushe zan kawo sandar a sabunta mata magani, nakan ce sai iska ta juya.

Har yau in zan fita ruwa nakan ɗauraye, in tura har ƙarshe, in waiga hagu da dama, in shinshina iska. Sannan in naɗe mahaɗar da tef zagaye biyu, ɗaya saboda yashi, ɗaya saboda surukina.